Tambaya da Amsa: Wa ke kula da yaranmu a filin golf?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu. Ɗana na biyu, mai shekara 12, ya shiga ajin koyon wasan golf da wani kulob ke yi wa yara ranar Asabar, kuma tun da ya fara ba shi da zancen da ya wuce wannan. Mai koya musu ya ce yaron yana da hannu, har ya nemi a riƙa bar masa shi bayan sauran yara sun tashi domin ya ƙara masa darasi shi kaɗai, ya ce kuma kada mu wahalar da kanmu, shi zai riƙa dawo da shi gida a motarsa. Makon jiya ya saya masa safar hannu da hula, ya kuma karɓi lambar wayar da yaron ke riƙewa. Ban ga wani abin ƙi a wurin mutumin ba, kowa yabonsa yake yi, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Da na yi wa maigidana magana sai ya ce wurin na manyan mutane ne, abin kunya ne mu je muna yi musu tambayoyi kamar muna zarginsu. Shin ina da hujjar damuwa, ko waswasi ne kawai? Kuma me ya kamata in tambaya idan na je?
Daga wata uwa, Tarauni

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya miki su, ya shirya su. Kina da hujja, kuma ina roƙon ki kada ki danne abin da zuciyarki ke faɗa miki. Ban san wannan bawan Allah ba, kuma mai yiwuwa ne mutumin kirki ne wanda ya ga yaro mai basira ya so ya taimaka, domin akasarin masu koyar da yara wasanni haka suke. Amma ki duba abubuwa huɗun da kika lissafa: a bar masa yaron shi kaɗai, ya ɗauke shi a mota su biyu, ya yi masa kyauta ta musamman, sannan ya riƙa magana da shi ta waya ba tare da iyaye sun sani ba. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ƙa'idojin kare yara a wasanni suke hanawa ko suke taƙaitawa, ko wane ne mai koyarwar, domin ta nan ne mai mugun nufi ke bi. Ba ya farawa da yaro, da iyaye yake farawa, ya saye zuciyarsu da ladabi da hidima har su ji nauyinsa, sannan ya fifita yaron a kan sauran, ya saba masa da ƙananan sirrika irin na "kada ka gaya wa Mama na saya maka lemo", har ranar da yaron zai ji cewa ya riga ya ɓoye abubuwa da yawa, ba zai iya buɗe baki ba. Idan aka toshe waɗannan ƙofofi huɗu, mutumin kirki bai rasa komai ba, marar kirki kuwa ya rasa hanya, kuma ba sai kin san wanne ne a cikinsu ba kafin ki toshe su.

A shekarar 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta gudanar da bincike kan cin zarafin yara a Najeriya. An gano cewa yara 6 cikin 10 suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma yarinya 1 cikin 4 da yaro namiji 1 cikin 10 an taɓa yi musu cin zarafi na lalata. Mafi yawan masu aikatawar mutanen da yaran suka sani ne. Na kawo adadin maza ne da gangan, domin a garin nan mun iya tsaron 'ya mace, muna ƙirga mintocin da ta yi a waje, amma namiji sai mu ce ai namiji ne, mu sake shi ya bi kowa. Kanawa kuma ba su manta da Hanifa, yarinyar nan 'yar shekara biyar ba, wadda mai makarantarsu da kansa ya sace a watan Disamban 2021, ya kashe ta, har kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Mutumin da iyaye suka damƙa wa amana ne.

Maganar maigidanki cewa wurin na manyan mutane ne ta cancanci a tsaya a kanta, domin ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba, kuma daga kyakkyawan zato ta fito. Sai dai tarihin wasanni ya nuna cewa girman wuri da kwarjinin mutum su ne sukan zama labulen da ake ɓuya a bayansa. A Amurka, likitan tawagar ƙasar ta wasan alkafura, Larry Nassar, ya shafe shekaru yana lalata da 'yan mata da sunan duba lafiyarsu, wani lokaci ma iyayensu na zaune a ɗakin, kuma waɗanda suka fara kai ƙara ba a saurare su ba saboda sunansa ya yi girma. A watan Janairun 2018, bayan mata fiye da 150 sun tsaya a gaban kotu sun faɗi abin da ya yi musu, aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175. A Ingila kuma, a ƙarshen 2016, tsofaffin 'yan ƙwallon ƙafa, maza magidanta, suka fara fitowa suna bayyana abin da masu horar da su suka yi musu suna yara, kuma rahoton da aka fitar a 2021 ya tabbatar da cewa hukumar ƙwallon ƙafar ƙasar ta yi jinkiri wajen ɗaukar matakan kare yara. A duka wuraren biyu akwai iyayen da suka ji abin da kike ji, suka yi shiru saboda nauyi.

Golf kuma yana da yanayinsa da ya bambanta da ƙwallon ƙafa, wadda ake yi a fili ɗaya a gaban idon kowa. Cikakken zagaye rami 18 ne, yakan ci kimanin awa huɗu, kuma 'yan wasa ba sa wuce huɗu a rukuni, suna tafiyar kilomitoci a tsakanin bishiyoyi da kwazazzabai inda mai zaune a harabar kulob ba ya hango su. Tsarin rangwamen bugu da ake yi wa wanda bai ƙware ba ya sa yaro ɗan shekara 12 yana iya buga gasa ɗaya da dattijo mai shekara 60, abin da ke da kyau ƙwarai wajen tarbiyya, amma yana nufin yaro da babba suna haɗuwa a hanyar da ba a samu a yawancin wasanni. Mai koyarwa yakan kama hannun ɗalibi ko kafaɗarsa ko ƙugunsa domin ya gyara masa tsayuwa. Akwai ɗakin canza kaya da wanka da yara ke shiga tare da manya, akwai kuma tafiye-tafiyen gasa zuwa Kaduna ko Abuja ko Jos da kan kai ga kwana. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake laifi a karan kansa, amma kowanne yana buƙatar ƙa'ida rubutacciya.

Saboda haka ne hukumar golf ta Ingila ta wajabta wa duk kulob ɗin da ke ƙarƙashinta wani tsari da ake kira SafeGolf, wanda ya ƙunshi rubutacciyar manufa ta kare yara, da wani mutum na musamman da aka naɗa domin karɓar koke, da binciken tarihin duk wanda zai riƙa aiki da yara. Mu a nan muna da kundin sunayen waɗanda aka samu da laifukan lalata, wanda hukumar yaƙi da fataucin mutane ta ƙasa, NAPTIP, ta ƙaddamar a 2019, muna kuma da takardar shaidar hali da 'yan sanda ke bayarwa, kuma ya kamata kulob ya nemi duka biyun. Amma tunda yawancin irin waɗannan laifuka ba sa kaiwa gaban kotu, takarda mai tsabta ba ta isa hujja ba. Abin da ya fi ta ƙarfi shi ne abin da muka gada: binciken da muke yi idan za mu aurar da 'ya. Ana zuwa unguwar mutum, a tambayi mai unguwa da limami da maƙwabta, a je inda ya taɓa aiki a ji dalilin barinsa. Babu wanda ke ɗaukar wannan cin fuska, kuma wanda za a bar wa yaro awa uku duk mako bai fi ƙarfin irin wannan binciken ba.

Idan kun je, ku nemi ganin sakataren kulob ko wanda ke kula da ajin yara, ku tambaya cikin ladabi ko suna da ƙa'ida a rubuce kan yadda manya za su yi mu'amala da yara, kuma wa aka ɗora wa alhakin karɓar koke idan yaro ko uwa na da magana. Ku tambayi manya nawa ne ke tare da yaran a kowane darasi, domin bai kamata su gaza biyu ba, kuma idan akwai 'yan mata a ajin ya kamata a samu mace a cikinsu. Ku ji ko an yarda iyaye su zauna su kalli darasi, da yadda ake sallamar yara idan an tashi, da wanda ke riƙe lambobin iyaye. Yadda aka karɓi tambayoyin zai gaya muku abu mai yawa. Kulob ɗin da ya san abin da yake yi zai yi murna da zuwanku, wanda kuma ya ɗaure fuska ya ce "ai nan babu irin wannan", ya nuna muku cewa bai taɓa zama ya yi tunani a kai ba.

Shi kuwa mai koyarwar, ba sai an ɓata masa ba. Maigidanki ya same shi ya gode masa, ya ce ƙarin darasin abu ne mai kyau, amma a yi shi a filin atisaye inda jama'a suke, kuma shi ko ke ko yayan yaron zai zauna har a gama, ya dawo da shi gida. Ya ce saƙon da ya shafi darasi a turo shi ta wayar iyaye, kyauta kuma ta biyo ta hannunsu. Mutumin da ke neman ci gaban yaro zai ce madalla. Idan kuwa ya fara nuna ɓacin rai, ko ya ce yaron ba ya sakin jiki idan iyaye na kusa, ko ya janye tayin gaba ɗaya saboda an sa masa ido, to kun sami amsarku ba tare da kun zargi kowa ba. Na fi so maganar ta fito daga bakin mahaifin, domin ganin uba yana zuwa yana zama a gefen fili da kansa kariya ce babba, kuma ki gaya masa cewa manyan mutanen da yake jin nauyinsu ba sa barin nasu 'ya'yan ba tare da direba ko mai rakiya ba.

Kada ki cire yaron daga wasan saboda tsoro, domin idan ya fahimci cewa faɗin damuwa yana jawo a raba shi da abin da yake so, gobe ba zai faɗa ba. Ki zauna da shi a lokacin da hankalinsa ke kwance, ki gaya masa cewa akwai wuraren jikinsa da babu mai ikon taɓawa ko gani, ko malami ne ko ɗan'uwa, kuma duk babban da ya ce masa "kada ka gaya wa iyayenka" to wannan maganar ce za a fara gaya wa iyaye. Ki yi masa alkawari cewa duk abin da ya faɗa ba za a doke shi ba, ba za a yi masa faɗa ba, sannan ki riƙe alkawarin ko da abin da ya kawo miki ƙaramin laifinsa ne.

TAMBAYA: Malam, na shekara fiye da ashirin ina buga golf, kuma ina cikin kwamitin gudanarwa na kulob ɗinmu. An kawo shawarar mu rubuta ƙa'idar kare yara, sai wasu suka ce 'ya'yan mambobi da ke zuwa ba su da yawa, kuma da iyayensu suke zuwa. Yaran da suka fi yawa a wurinmu su ne masu ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna, wasunsu ba su kai shekara 15 ba. Su ba ma'aikatanmu ba ne, da kansu suke zuwa, kuma abin da suke samu yana taimakon gidajensu. Shin akwai alhakinsu a wuyanmu?
Daga wani mamba, Nasarawa

AMSA: Ranka ya daɗe, akwai, kuma a ganina alhakinsu ya fi na 'ya'yan mambobi nauyi. Na gode da wannan tambaya, domin duk lokacin da aka yi zancen kare yara a golf, hankali yakan tafi ga yaron da aka kawo a mota da hula da takalmi, a manta da wanda ya tako da ƙafa daga unguwa. Ɗan mamba yana da uban da sunansa ke cikin rajista, kuma duk wanda zai cutar da shi sai ya yi tunani sau biyu. Ɗan ɗaukar jaka ba shi da kowa a wurin, yawanci ba a san cikakken sunansa ba balle gidansu, kuma abincinsa na ranar yana hannun mutumin da zai iya cutar da shi.

Na taɓa raka wani abokina filin golf da sassafe a lokacin bazara. Tun kafin ya gama tsayar da mota yara suka taso daga gindin wata bishiya suka kewaye but, wanda ya riga sauran kama jakar kuwa wani siririn yaro ne da silifas ɗin roba, jakar ta kusa kai tsawonsa. Ya rataya ta, kafaɗarsa ɗaya ta karkace, ya bi mu rami bayan rami. A wani wuri aka ce ya ruga gaba ya tsaya ya ga inda ƙwallo za ta sauka, wato aka tsayar da shi daidai inda ake bugowa. Mu muna da gorar ruwa kowa a hannunsa, shi ba shi da ita, kuma sai da muka yi nisa na lura leɓɓansa sun bushe na miƙa masa tawa. Ranar Talata ce, ƙarfe goma na safe, lokacin da sa'o'insa ke cikin aji. Babu wanda ya zage shi ko ya doke shi a ranar, kuma abokina ya biya shi fiye da abin da aka saba, amma har yau idan na tuna yadda yake sauya kafaɗa yana ɗan tsayawa sai in ji ba daɗi.

Ƙa'idar wasa ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna har 14, kuma idan aka haɗa su da ƙwallaye da ruwa da laima, jakar kan kai kilo 10 ko fiye. Ƙwallon ba ta kai giram 46 ba, amma tana iya barin bakin sanda da gudun da ya wuce kilomita 200 a awa, kuma idan ta samu yaro a ido ko a gefen kai illar na iya zama ta har abada. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, da damina kuma fili buɗaɗɗe da sandunan ƙarfe wuri ne mai haɗarin tsawa, shi ya sa dokokin wasan suka ba ɗan wasa damar tsayawa da zarar ya ga alamarta. Babban mutum zai ruga mota, yaron da ke ɗauke da jakar ƙarafa shi ake bari a baya. Bayan waɗannan akwai marin da akan yi idan ƙwallo ta ɓace, da zagin iyaye, da manyan masu ɗaukar jaka da ke karɓe kuɗin ƙanana ko su koya musu shaye-shaye, da mamban da zai ce "biyo ni gida ka karɓi kuɗinka".

Ta fuskar doka, Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma hana a ɗora masa kayan da nauyinsu zai iya cutar da girmansa. Jihar Kano ta sami tata Dokar Kare Yara a watan Mayun 2023, lokacin da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sanya mata hannu, sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara. Cewa ba ku kuka ɗauke su aiki ba ba ta wanke ku, tunda a filinku suke, mai gadinku ne ke buɗe musu ƙofa, mambobinku ne ke amfana da guminsu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanmu makiyaya ne kuma za a tambayi kowa abin da aka ba shi kiwo, kuma ban ga yadda kwamiti zai fitar da waɗannan yara daga cikin kiwonsa ba.

Ba ina cewa a kore su ba. An fi shekara ɗari ana buga golf a Kano, kuma da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan daga ɗaukar jaka suka fara, suna kallon manya suna kwaikwayo da sandar aro. Korarsu za ta mayar da su titi ne kawai. Abin da za ku yi shi ne ku san su. A buɗe rajista da sunan kowane yaro da shekarunsa da unguwarsu da lambar mahaifi ko mariƙi, kuma sai da izinin gida zai shiga. Ku tsayar da mafi ƙarancin shekarun ɗaukar jaka, ni da za a bi ta tawa da kada ya gaza 16, ƙananan kuma a mayar da su ajin koyon wasa kyauta a ƙarshen mako. A hana ɗan makaranta shiga fili a lokacin karatu. A yanke kuɗin kowane zagaye a rubuce, a biya a harabar kulob a gaban shugaban masu ɗaukar jaka, kada wani ya tafi da yaro gidansa ko ya aike shi waje. Ruwan sha da hula da takalmi rufaffe ba za su gagari kulob ɗin da ke iya shirya gasa da liyafa ba.

Abin da ya fi wahala shi ne hanyar kai ƙara, kuma a nan nake so ka tsaya tsayin daka a kwamiti. Yaron talaka ba zai taɓa kai ƙarar Alhaji wurin abokin Alhaji ba. Ku naɗa mutum biyu, namiji da mace, waɗanda yaran suka sani da ido kuma suke iya yi wa magana da Hausa ba tare da fargaba ba, ku ba su ikon kai magana ga hukuma kai tsaye ba sai sun nemi izinin shugaba ba, ku kuma rubuta cewa yaron da ya kawo koke ba za a hana shi shiga fili ba. Idan babu wannan, ƙa'idar za ta kwanta ne a durowar sakatare.

TAMBAYA: Ƙanena mai shekara 14 yana ɗaukar jaka a ƙarshen mako. Kwatsam ya daina zuwa, ya rage cin abinci, ba ya son magana. Jiya da na lallashe shi ya ce wani babban mutum ya taɓa shi a inda bai dace ba, ya ba shi kuɗi ya ce ya yi shiru. Kawunmu ya ce a rufa asiri, mutumin ya fi ƙarfinmu. Me zan yi?
Daga wata yaya, Brigade

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika lura da shi, kika kuma saurare shi. Abu na farko, ki koma wurinsa ki gaya masa cewa kin yarda da maganarsa, cewa ba laifinsa ba ne ko da ya karɓi kuɗin, kuma ya yi daidai da ya faɗa. Kada ki tsananta masa da tambayoyi, kada kuma a tara dangi kowa ya sa shi ya maimaita. Ki rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, da ranar da ya faɗa, ki ajiye duk wani saƙo da ke wayarsa idan akwai.

Ki kai shi asibiti yau, kada ki jira gobe. Yara sukan fara faɗin kaɗan su ga yadda za a karɓa, don haka mai yiwuwa abin ya wuce abin da kika ji, kuma maganin da ke hana kamuwa da cutar ƙanjamau yana aiki ne idan aka fara shi cikin awa 72. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, wadda aka buɗe domin waɗanda aka yi wa irin wannan cin zarafi, maza da mata, inda ake duba lafiya, a kwantar da hankali, a kuma rubuta rahoton da kotu ke karɓa. Ko da kwanakin sun wuce, ku je. Daga nan sai a kai rahoto ga 'yan sanda, kuma ofishin NAPTIP na Kano da Ma'aikatar Mata ta jiha da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam duk suna karɓar irin wannan koke, suna kuma iya tsaya muku idan kuna tsoron a danne maganar. Kada ke ko wani namiji a gidan ya je ya tunkari mutumin, domin hakan zai ba shi damar shirya ƙarya ko ya razana yaron, kuma kada a sa sunan ƙanenki ko hotonsa a Facebook ko WhatsApp.

Na fahimci tsoron Kawu, domin ya san yadda talaka ke wahala idan ya yi shari'a da mai hali. Ki yi masa magana da girmamawa, ki ce masa asirin da ya wajaba a rufa na yaron ne, kuma hukumomin da na ambata aikinsu ne su ɓoye sunansa. Shirun da Kawu ke nema mutumin kaɗai zai amfana, kuma ranar Asabar mai zuwa akwai wani yaron da zai ɗaukar masa jaka. Idan aka aiko da kuɗi ko aka turo dattawa neman sulhu, kada a karɓa, domin wannan laifi ne da hukuma ke hukuntawa, ba saɓanin maƙwabta ba ne. Bayan an shigar da rahoto, a sanar da shugabannin kulob ɗin a rubuce domin su dakatar da mutumin daga kusantar yara har bincike ya ƙare. Idan mahaifiyarku ko mahaifinku na raye, ki sanar da wanda ya fi natsuwa a cikinsu kafin ku fita, ki tafi da wani babba da yaron ya amince da shi, kuma a hanya ki gaya masa inda za ku da abin da likita zai yi, domin kada ya ji an sake yin wani abu a kansa ba da saninsa ba.